Yadda Zabuwa Ta Rasa Tukkunta

Kan zabuwa da kuke gani babu gashi ko ɗaya, sai sanƙo da ɗan ƙaho a tsakiya, ba da shi aka ƙyanƙyashe ta ba. Hassada ce ta aske ta. Ke Uwani, matso kusa, labarin nan naki ne, tunda tun safe kike kumbure-kumbure don an kai yayarki wurin tela ba a kai ki ba.

A can da, duk cikin tsuntsayen gida babu mai kan Zabuwa. Gashi ne luf-luf, baƙi wuluk, ya taru a sama ya yi tukku kamar kitson amarya. Tana zaune a gidan wata tsohuwa, Iya Kuluwa, ita da Kaza. In baƙi suka zo, Zabuwa ake nuna musu. Kaza kuwa baiwar Allah ba ruwanta da ado, ita dai ta yi ƙwai ta kwanta a kai.

Abu ɗaya ya hana Iya Kuluwa sakat. Kullum da safe sai ta ɓarza dawa ta watsa wa Kaza tsaki, amma kafin ta juya baya kurciyoyi sun sauka, Ɓera ya fito da iyalinsa, akuya ta zuro baki. Ta zuba a faifai, akuya ta cinye tsakin ta haɗa da faifan. Ta zuba a kasko, Ɓera ya shiga ciki ya miƙe ƙafa kamar gadon ubansa. Ta rataye ƙwarya, ya biyo igiya ya sauko. Kaza ta rame, ta daina ƙwai. Ita Zabuwa ko a jikinta, don tana da ƙafar yawo, kullum a gona take cika cikinta da fara.

Da abin ya ishi Iya Kuluwa, sai ta aika aka kira mata Tasalla mai ginin tukwane.

Tasalla ta saurara, ta ce, "Iya, kwantar da hankalinki. Tukunya zan gina miki mai murfi mai nauyi, wanda akuya ba ta iya turewa. In goge bayanta da dutse har ta yi santsi, Ɓera in ya hau ya zamo. Ƙofa kuma in huda ta can sama, daidai kan Kaza. Kurciya ko ta leƙa, wuyanta ba ya kaiwa ga tsaki. Kamo min ita in auna."

Iya Kuluwa ta ɗora Kaza a cinya tana shafa ta. Tasalla ta tsago kaba, ta zagaya kan Kaza da ita, ta ƙulla.

Daidai nan Zabuwa ta dawo daga gona. Ta tsaya cak a bakin zaure. Kaza a cinyar Iya! Kaza ake aunawa! Ta wuce ta gabansu tana karkaɗa tukku, ta dawo, ta sake wucewa. Tasalla ta bi ta da kallo, ta raɗa wa Iya wata magana, su biyu suka yi murmushi. Zabuwa ta ce a ranta, "Har dariya ake min."

Bayan mako guda tukunya ta iso, ja wur, sai ƙyalli take. Kaza ta zura kai ta ci ta ƙoshi. Ɓera ya yi tsalle ya kama, ya zamo, ya faɗi rigingine. Akuya ta tunkuyi murfi, ta koma tana girgiza kai. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallon tukunya, ba wanda ya ce ina Zabuwa.

Ku ji fa, yara, ba yunwa take ji ba. Cikinta taf yake. Amma duk lokacin da ta ji ƙwas-ƙwas ɗin bakin Kaza a cikin tukunyar nan, sai ta ji kamar a zuciyarta ake saran. Farar ma ta daina yi mata daɗi.

Ɓera, da yunwa ta fara lanƙwasa shi, ya lura da ita. Shi burinsa tukunya ta fashe. Ya same ta a gindin rumbu, ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, ni abin nan ya ɗaure min kai. Mai kai irin naki tana gida, a rasa wanda za a auna sai wannan mai wuya kamar tsinken tsire?"

"Ina ruwana da tukunyarsu," in ji Zabuwa.

"Haka ne, ranki ya daɗe. Sai dai na ji an ce tsakin ciki da zuma ake cuɗa shi. An ce ba na kowa da kowa ba ne."

Ƙarya yake, ko ƙanshin zuma bai taɓa ji a gidan ba. Amma maganar ta zauna.

Washegari da hantsi Iya Kuluwa ta tafi rijiya. Zabuwa ta nufi tukunya. Kaza ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ƙofar ta yi miki kaɗan. In kina marmari, bari in tsinto miki in zuba a ƙasa."

"Ni za ki yi wa sadaka? Matsa!"

Ta ture Kaza, ta cusa kai. Gashi ya kwanta, kai ya shige da ƙyar. Ta tsinci ƙwaya ɗaya, ta tsinci ta biyu. Dawa ce, dawar da ta sani, ba zuma ba komai. Ta ja kai za ta fito, gashi ya miƙe ya cije a ƙofa. Ta yi sama, ƙoƙon kanta ya bugi murfi, ƙum! Ta sake, ƙum! Nan take wurin ya kumbura. Ɓera ya zo da gudu wai taimako, ya kama wutsiyarta yana ja, shi dai tukunya ta kife. Tukunya ko gezau. Ya ja, ta ja, Kaza na ta kururuwa. Can sai fit! Kai ya fito, tukku ya zauna a ciki.

Ba ta gama dawowa hayyacinta ba aka yi sallama. Iya Kuluwa ce da tulunta, Tasalla na biye da ita ɗauke da wata tukunya. Ta fi ta Kaza girma, an yi mata ɗige-ɗigen farar ƙasa irin na jikin Zabuwa, ƙofarta kuma mai faɗi, an yi mata 'yar tsaga a sama inda tukku zai wuce ba tare da ya taɓu ba.

Tasalla na cewa, "Ta Zabuwa ce ta ba ni wuya, Iya, shi ya sa ta yi jinkiri. Da ido na auna ta ran nan, ina tsoron in ɓata mata gashi da hannuna mai yumɓu. Ina take?"

Sai suka gan ta. Iya Kuluwa ta dire tulu, ta dafe ƙirji.

"Wayyo Zabuwa! Ni na ce a ɓoye miki sai an gama. Da kin yi haƙurin safiyar nan kaɗai!"

Zabuwa ta dubi tukunyar, ta dubi 'yar tsagar nan da aka yi wa tukkun da ba ta da shi. Sai ta ƙwalla wani kuka mai tsaga kunne, ta tsallake danga, ta yi daji.

Gashin bai sake tsirowa ba, kumburin kuma ya ƙandare ya zama ƙaho. Kunya ta hana ta kwana a akurki, sai a kan bishiya. Ko ƙwai za ta yi, sai ta je cikin ciyawa ta ɓoye. Iya Kuluwa ta bi sawunta ta tsinto ƙwan, ta kawo wa Kaza. Kaza ta buɗe fukafukai ta rufe su.

Shi ya sa har yau kan zabuwa yake ƙwal, take yawo tana kukan da ba wanda ya taɓa ta, kuma kazar da ta yi wa hassada ita ke ƙyanƙyashe mata 'ya'ya. Ke kuma Uwani, sauke bakin nan haka. Atamfarki tun shekaranjiya take cikin akwatina.