Akun Ɗakin Rediyo da Sabon Allo

An ce a wani gari akwai Ƙungiyar Masu Rediyon Sha'awa, mutanen nan da ke harhaɗa na'ura da hannunsu, su kafa eriya, su yi ta hira da na nesa. Da su arba'in ne, yau saura shida. Shugabansu, Alhaji Barau, duk ya rame don tsoron kada ƙungiyar ta mutu a hannunsa. Ya auna, ya ga ba mai laifi sai suna.

Ya dubi tsohon akun da ke ɗakin na'ura ya ce, "Gobe za mu koma Cibiyar Sadarwar Zamani ta Ƙasa da Ƙasa. Ya ka gani?"

Aku ya ce, "Ranka ya daɗe, suna ya yi tsawo, kowannenku ya samu kalma guda har da ragi. Ka tuna mini da Tambaya mai tuwo."

Barau ya ce, "Yaya labarinta?"

Aku ya ce, "Tambaya ta iya miya, amma wanda duk ya zauna sai ta koya masa cin tuwo. Wannan lomarsa ta yi girma, wancan bai iya wanke hannu ba. Da rumfa ta bushe, sai ta kai wa Jatau mai fenti allon rumfarta ta ce, 'Goge Gidan Tambaya, rubuta Aljannar Baƙo.' Jatau ya ce, 'To, Inna, kafin fenti ya bushe, ji labarin kunama.

'Kunama ta ga ba mai leƙa raminta, ta ce sunan nan ne ya yi mata baƙin jini. Ta tara ƙwari, aka yi addu'a, aka raɗa mata Salamatu. Kowa ya sa albarka daga nesa. Ƙadangare ya gyaɗa kai ya ce, Allah ya raya Salamatu. Ita wutsiyar fa, yaushe ne sunanta?'

Tambaya ta ce Jatau bai iya riƙe buroshi ba, ta ɗauki allonta. Har yau ƙuda ne ke cin tuwon Aljanna."

Barau ya haɗe fuska. "Ni wa na harba?"

Aku ya ce, "Wa? Haba, ranka ya daɗe! Ran Talata Sallau tela ya yi kiransa na farko, da na'urar da ya shekara yana haɗawa. Da zai faɗi lambar da ake gane shi da ita a iska, sai ya faɗe ta a juye. Ka yi masa darasin rabin awa a iska, ana ji har Agadas, sauran biyar ɗin suna layi da nasu gyaran. Ko sannu ba wanda ya ce. Wanzami ba ya son jarfa, shi ya sa ka ga laifin allo."

 Barau ya ce, "Ka yi gaskiya, mugun tsuntsu. Tsohon suna ya zauna."

Ya jawo makirfo, ya kira Sallau sau uku. Na'ura sai shuuu take yi.

Aku ya ce, "Wannan kiran da takalmi ake yinsa, Alhaji. Shagonsa na bayan tasha."