Ƙarfen Da Ya Danne Alhaji Tsalha

Ku ajiye wayoyin nan. Sau ɗaya zan faɗa, wanda bai ji ba ya tambayi na kusa da shi.

A wani gari da ke bakin titin Gusau an yi wasu abokai uku, Haladu da Nomau da Sallau. Tare suka tashi, bulalar malami ɗaya suka sha.

Haladu tun yana yaro ba shi da zance sai na ƙarfi. Ya zuba siminti a gwangwanayen madara, ya soka sanda a tsakani, kullum yana ɗagawa a bayan gidansu har ƙirjinsa ya buɗe kamar faifai. Bai yi karatun abin ba. Rabi a waya ya gani, rabi jikinsa ya koya masa. Rannan ya ce zai buɗe gidan motsa jiki irin na birni, inda mutum zai biya ya ɗaga ƙarfe, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Ni har yau ban gane wannan ciniki ba. A zamaninmu wanda ya ɗauki kaya shi ake biya. Amma mutane sun zo.

Nomau mai walda ne. Shi ya bi 'yan gwangwan ya tsinto ƙarafan tsofaffin motoci, ya yanka, ya haɗa benci da sanduna da faya-fayan da ake zura wa sanda. Sikeli ne ba shi da shi. Sai ya ɗaga faifai da hannu, ya lumshe ido, ya ce wannan zai yi kilo goma, ya rubuta da fenti.

Sallau makaɗin kalangu ne, ɗan gado, mahauta yake yi wa kiɗa. Da Haladu ya ce a birni lasifika suke kunnawa, sai Sallau ya ce, "Lasifika ta san sunan kakan mutum?" Daga ranar ya samu kusurwa ya zauna. Duk wanda ya kama ƙarfe sai ya sha kirari kamar ɗan dambe. Yaron da jiya ya kasa ɗaga guga, yau sai ka ga yana neman a ƙara masa.

To, akwai wani mai hatsi, Alhaji Tsalha, mutum mai tumbi. Likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki. Tafiya a ƙasa likitan yake nufi. Amma Alhaji ya ga idan aka gan shi yana taka sayyada a bakin titi, kafin azahar gari ya ɗauka karayar arziki ta same shi. Sai ya nufi wurin su Haladu.

Ya ce, "Ɗana, likita ya ce in motsa."

Haladu ya ce, "Ai an zo gida, Alhaji."

Bai tambaye shi ciwon da likita ya gani ba. Bai ma san ana tambaya ba.

Ranar kasuwa da hantsi Alhaji ya tuɓe babbar riga ya kwanta a benci, aka ɗora masa sanda mara nauyi. Ya ɗaga lafiya. Sai Sallau ya matse kalangu: "Tsalha jikan Barmo! Giwa ba ta tambayar nauyin reshe! Kakanka da buhu biyu ya haye gulbi, ko hularsa ba ta jiƙe ba!"

Alhaji ya ce, "Ƙara!"

Haladu ya ce, "Alhaji, a bari sai gobe."

"Kai yaro, ba ka ji abin da aka ce a kan kakana ba? Ƙara!"

Haladu ya ji nauyin musa wa babba a gaban yara. Ya ɗauko faifai biyu, kowanne an rubuta goma, ya zura dama da hagu. Ashe na hagun ya kusa ninka na dama. Alhaji yana ɗagawa sanda ta karkace, gefe mai nauyi ya faɗi ya maƙale a ƙarƙashin wani injin ƙarfe da ke kusa, tsakiyarta ta danne masa maƙogwaro kamar tarkon gafiya.

Samari uku suka kama sanda suka ja, ko motsi. Haladu ya ture su, ya durƙusa, ya sa kafaɗa a ƙarƙashi ya miƙe da sandar da injin gaba ɗaya. Kowa ya ji ƙarar abin da ya tsinke a kafaɗarsa. Bai saki ba sai da aka janye Alhaji. Ba don shi ba, da a kan bencin za a rufe wa Alhaji ido.

Aka janye shi, amma ba ya numfashi. Mutane suka fara salati, har wani ya jawo babbar rigar zai lulluɓe shi. Nomau ya shigo da gudu daga rumfarsa, gilashin walda a goshi. Ya taɓa ganin yadda wani ma'aikacin asibiti ya yi wa mutumin da lantarki ya ja. Ya haye kan Alhaji yana danna ƙirji yana hura masa iska a baki, ana ce masa ya ji tsoron Allah ya bar gawa ta huta. Bai bari ba. Ya karya masa haƙarƙari biyu, amma Alhaji ya yi tari. Ba don shi ba, da gawa Haladu ya ciro.

Aka sa Alhaji a keke mai ƙafa uku za a kai asibiti, numfashin yana zuwa yana ɗaukewa. Asibitin yana ƙetaren kasuwa, kasuwa kuwa ta cinye titi. Mai keke ya yi ham har ya gaji, ko mai tallan goro bai kauce ba. Sallau ya maƙale a jikin keken ya saki kiɗan da ake yi wa mahauta idan sa ya tsinke igiya. Mahauta suka fito daga rumfuna da wuƙaƙe a hannu suna tambayar ina san ya nufa. Mutane suka dare biyu, keke ya wuce. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai a kira mai wanka. Ba don Sallau ba, da numfashin da Nomau ya dawo da shi a tsakiyar kasuwa zai tsaya.

Alhaji ya tashi. Amma jami'an lafiya na ƙaramar hukuma sun zo sun garƙame wurin da kwaɗo. Suka ce ba za a buɗe ba sai an samu wanda ya yi karatun horar da mutane, mai takarda a hannu, shi zai riƙe makulli, shi za a kama in wani abu ya faru.

Da Alhaji ya koma gida ya aika a kira su ukun. Suka durƙusa a zaure. Babban ɗansa yana tsaye yana cewa a kira 'yan sanda. Alhaji ya dube su, ya dafe haƙarƙari.

Ya ce, "Ni kun ruɗa ni. Tun a gadon asibiti nake tunanin wanda zan kai ƙara, da na kama sunan mutum sai in ga shi ne kuma zan gode wa. Haladu, kai ka ƙara mini ƙarfe, kai ka ɗaga shi. Nomau, kai fentinka ya yi ƙarya, kai ka hura mini rai. Kai kuwa Sallau, ɗan nema, yaushe kakana ya haye gulbi? Garinsu ko rafi babu."

Sallau ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, da damina ne."

Alhaji ya fara dariya, haƙarƙari ya hana shi. Ya ce ba zai kai kowa ƙara ba. Zai ɗauki nauyin mutum ɗaya ya je Zariya ya yi karatun, ya dawo a buɗe wurin da sunan shi mai takardar. Mutum ɗaya, wanda ya fi hannu a cetonsa. Su je su zaɓa.

Sun kasa. Gari ma ya kasa. Masu shayi suka ce Haladu, shi ke son abin tun yana yaro, har kafaɗa ya bayar. Aka ce musu kafaɗar da ba ta ƙara ɗaga ƙarfe ba, me za ta koyar? Teloli suka ce Nomau, shi kaɗai ya tuna abin da ya gani lokacin da kowa ya rikice. Aka ce musu mutumin da ke auna kilo da lumshe ido za a ba rayukan mutane? Mahauta suka ce Sallau, shi ya san yadda ake motsa jama'a. Aka ce musu ai motsawar tasa ce ta jawo komai.

Kwaɗon yana nan a ƙofar, ya fara tsatsa. Ni na juya maganar nan ta kowace fuska, ban ga bakin zaren ba.

To, ku da kuka ji: tsakanin wanda ya ɗaga ƙarfen, da wanda ya dawo da numfashin, da wanda ya buɗe hanyar, wa za a miƙa wa makullin?