Tukunyar da Nurzada Ta Bari a Kan Wuta

Akwai wata baiwar Allah a layinmu a Bishkek, sunanta Nurzada. Shekararta huɗu da aure. Mijinta Talant yana aikin gini a Rasha, sau ɗaya yake zuwa gida a shekara, ita kuma tana zaune da uwarsa, Burul.

Da zafin watan Yuli ya ishi kowa, sai wan mijin, Ermek, ya kama musu hayar wani ɗan gida a bakin tafkin Isik-Kul na kwana goma. Ɗaki uku ne da baranda, sai madafi a baya. Su tara suka tafi har da yara. Nurzada tana kujerar baya, tukunya a kan cinyarta.

Ita ce kelin, wato ƙaramar suruka a gidan, kowa kuwa ya san abin da hakan ke nufi. Da safe ta dafa shayi, ta soya gurasa, ta yanka kankana ta zuba musu a jaka. Su ɗauki tawul su nufi bakin ruwa, ita ta koma kan kwanuka.

"Ke kam kin more, matar yaya," in ji ƙanwar mijinta tana shafa mai a fuska. "Mu za mu dawo kamar ƙyafaffen kifi, ke kina nan fes a inuwa."

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi.

In sun tafi, gidan sai ya yi tsit. Ta tagar madafi tana jin ihun yara daga nesa, amma itatuwa sun tare mata ruwan. Ran nan Talant ya kira, ya ce, "Kuna can kuna shan hutu, mu muna nan muna shaƙar siminti." Ta kalli tulin karas da ke gabanta ta ce, "Muna sha kam." Minti biyu suka yi, aka kira shi bakin aiki.

A gidan da ke jikin nasu akwai wata tsohuwa, Sonun. Kullum tana baranda, waya a kan cinya, ta jera kofuna shida a tebur. 'Ya'yanta ne suka kama gidan, suka turo ta da direba, suka ce suna nan tafe ranar Asabar. Asabar ta zo ta wuce.

Nurzada ta fara miƙa mata shayi da gurasa ta kan shinge, tana kiranta Apa, wato Mama.

"Apa, ga shi da zafinsa."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ba ki je ruwa ba yau ma?"

"Sai gobe."

"Ni ma nawa goben suke ta ce mini."

Daga nan kullum da hantsi sai su ɗan tsaya a shingen, wannan a ciki, wannan a ciki, su yi hirar da ba ta wuce shan kofi ɗaya.

A rana ta bakwai Burul ta ce shinkafa da naman rago take so. "Kelin, ki kula. Naman nan ba na wasa ba ne, kuma Ermek ya gayyato abokinsa."

Nurzada ta soya nama da karas, ta zuba shinkafa, ta rufe tukunya. Ta ɗauki shayi ta nufi shinge. Baranda babu kowa. Kofunan jiya ma ba a kwashe ba.

"Apa! Sonun apa!"

Shiru. Can sai ta ji wani ɗan nishi daga ciki. Ta ajiye kofin ta haura shingen, ta tura ƙofa. Tsohuwar tana kwance a bakin banɗaki. Tun da asuba santsi ya kwashe ta, ƙugunta ya karye, wayar kuma tana kan gado inda hannunta ba ya kaiwa. Leɓɓanta sun bushe, muryarta ta dushe saboda kira.

Nurzada ta ba ta ruwa, ta ruga ta kira mai gidajen hayar. Suka ɗauke ta a bargo zuwa motarsa. Sonun ta damƙe hannunta ta ƙi saki.

"Kar ki bar ni da su ni kaɗai, 'yata."

Nurzada ta shiga motar. Sai da suka yi nisa sannan ta tuna da tukunyar da ta bari a kan wuta.

Mutanen gida suka dawo suka tarar da hayaƙi ya cika ɗakuna, shinkafa ta zama gawayi, ga baƙo a tsaye. Matar mai gidajen ce ta gaya musu inda Nurzada take. Burul ta sa Ermek ya kai ta asibitin, tana ta faɗa a hanya.

Tana shiga ɗakin ta fara. "Ke wa ya aike ki? Saura kaɗan ki ƙona gidan mutane! Uwarki ce ita?"

Nurzada ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Apa. Na yi kuskure da ban kashe wutar ba."

Sonun ta juyo da kai daga kan gado. "Baiwar Allah, zauna. Ni da ke sa'o'in juna ne, zan gaya miki abu."

Burul ta zauna a bakin kujera, tana huci.

"Ni ma ina da suruka. Shekara goma muna zuwa tafkin nan, tana madafi. Ban zage ta ba, ban doke ta ba. Ban dai taɓa tambayarta ko ta gaji ba. Yau ita ce da gida. Ita ma ba ta zage ni ba. Ta kama mini gida mai kyau, ta turo ni da direba." Ta numfasa. "An kira ɗana tun ɗazu. Ya ce zai duba ko zai samu dama jibi."

Sai ta nuna Nurzada da hannu.

"Yarinyar nan ta ce mini uwarta tana garin Kochkor, shekara biyu ba ta gan ta ba. Kin sani?"

Burul ta juya ta kalli Nurzada. Ba ta sani ba. Ba ta taɓa lissafawa ba.

Sauran kwana ukun Burul ba ta je bakin ruwa ba. Ita ta riƙa dafa miya da kanta, Nurzada ta kai asibiti. Burul ba ta ce ta yi laifi ba, irin su ba sa faɗa. Ɗan Sonun ya zo a rana ta goma, ya yi godiya a tsaye, ya sa aka mayar da uwarsa birni.

Da suka kamo hanyar gida suka iso mararraba, Burul ta taɓa kafaɗar Ermek.

"Juya ta Kochkor."

"Apa, hanyar nan ba tamu ba ce. Gobe ina da aiki."

"Na ce ka juya."

Suka tsaya a ƙofar wani ƙaramin gida mai shuɗin ƙyaure. Wata mata tana shanya a tsakar gida. Ta ɗago, rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa.

Burul ta sauke jakar Nurzada da hannunta. "Ki yi sati biyu. Ni zan gaya wa Talant."

"Apa, wa zai dafa muku..."

"Hannuna bai karye ba. Je ki, uwarki tana kuka."

Darasi: Ba sai ka zagi mutum ko ka doke shi ne ka zalunce shi ba. Mantawa da wanda yake yi maka hidima ma zalunci ne, kuma yadda ka bar wani shi kaɗai yau, haka za a bar ka ranar da ƙarfinka ya ƙare. Duba cikin gidanku, akwai wanda ba a taɓa tambayarsa ko ya gaji ba. Ka tambaye shi yau, sannan ka tura wa 'yan uwa wannan labari su ma su duba nasu gidan.