Tabawa da Tsohon Rumbu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wata mata, sunanta Tabawa, wadda ruwan bara ya rushe wa ɗaki. Ba miji, ba ɗa. Damina ta sake gabatowa, ita kuwa a gindin tsamiya take kwana.

Ran nan tana wucewa ta bayan gidan maigari sai ta ji kuka. Ta duba, ashe tsohon rumbu ne. Ya ce mata shekara arba'in yana riƙe wa garin hatsi, yanzu an gina sabo, gobe za a fasa shi. Tabawa ta shafa bangonsa ta ce, "Yi shiru, Baba. Ni ma ba ni da kowa."

Ta je ta durƙusa gaban maigari ta roƙi rumbun. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce in ta mai da shi ɗaki kafin ruwan farko, nata ne, in ta kasa a fasa.

Ta tafi juji. Tulu mai fasasshen gindi ya ce ta ɗauke shi. Ta ɗauka. Turmi da ya tsage ya ce ta ɗauke shi. Ta ɗauka. A bakin rafi, kwalekwalen da ya huje ya ce kada ta bar shi. Ta ja shi har gindin rumbu.

Rumbu ya ce ta huda gefensa, ba zai ji zafi ba. Ta huda, katakon kwalekwale ya zama ƙyaure. Ta cusa tulu a bango, ya zama taga. Ta kifa turmi, ya zama kujera. Ta yaɓe, ta ɗora jinka.

Ruwan farko ya sauko da rana tsaka, har da ƙanƙara, ya ritsa da maigari a hanya. Ya ruga ya ƙwanƙwasa ƙyauren. Tabawa ta zaunar da shi kan turmi, ta ba shi kunu mai zafi. Ko ɗigo bai shigo ba.

Sai rumbu ya ce wa maigari, "Ɗanlami, ka girma. A bayana kake ɓuya in ka shanye wa kakarka fura."

Maigari ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin kunun. Tun daga ranar ba a ƙara fasa tsohon gini a garin ba sai an tambayi Tabawa.

Yara, kada ku yar da abu don ya tsufa, ku nemo masa sabon aiki.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tatsuniya ta koma inda ta fito.