Sunan da Kuwabara Ya Ƙi Rubutawa

Kuwabara Shigeo mutum ne mai ƙwaƙwalwa, sai dai girman kansa ya fi ƙwaƙwalwar yawa. Da ya yi ritaya daga aikin injiniya, sai ya shafe shekara biyu yana zaga unguwannin gabashin Tokyo, yana neman inda zai rayu ko da gari ya rikice ba tare da ya nemi kowa ba. Ya auna hasken rana a kan rufi, ya ƙirga rijiyoyi, ya murza ƙasa a tafin hannu. A ƙarshe ya zaɓi wani gida a kwari kusa da kogi, ya cika ramin ajiya na ƙarƙashin kicin da shinkafa da busasshen kifi da ruwan sha na wata uku. Matarsa Tomiko tana kallonsa daga keken guragu, domin ƙafafunta sun daɗe da mutuwa.

Wata safiya shugabar ƙungiyar unguwa, tsohuwa Ishiguro, ta zo da takarda. A al'adar unguwar, ana rubuta sunan duk wanda ba ya iya tafiya, a sa masa maza biyu da za su ɗauke shi a kan kujerar ɗauka zuwa benen makaranta idan ruwa ya taso.

"Gidan nan ba ya ɗora wa kowa nauyi," in ji Kuwabara.

Ishiguro ta kira shi da lakabin girmamawa, ta ce, "Kuwabara-san, shinkafarka ta iya hawa bene da mutum a goye?"

Tomiko ta ce a hankali, "Maigida, ka rubuta ni mana. Me zai rage ka da shi?"

"A riƙa nuna mu ana cewa ga mabukata? Ina raye ba za a yi ba." Ya sunkuya cikin ladabi, ya rufe ƙofa.

Da kaka, guguwa ta zo da ruwan sama mai yawa, kogi ya tsallake ganuwar da ke tare shi da hantsi. Mazan unguwa suka bi sunayen da ke cikin takarda gida gida. Kuwabara, ɗan shekara saba'in da huɗu, ya rungumi Tomiko zai hau sama da ita, bayansa ya riƙe a mataki na uku. Nan suka maƙale, ruwa mai sanyi har ƙirjinta, sai da la'asar aka same su. Bayan kwana huɗu ciwon huhu ya kashe ta a asibiti.

Ishiguro ta zo ta'aziyya, ta kunna turare a gaban hoton Tomiko. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta sassauta masa ba.

"Sau biyu muka wuce ƙofarka, Kuwabara-san. A na biyun, kujerar ɗauka babu kowa a kanta."

Darasin a bayyane yake, kuma da ɗaci. Duk mai neman wurin zama don ranar wahala, ya duba mutanen wurin kafin ya duba ƙasa da rijiya. Tanadi abu ne mai kyau, amma wanda ya ɗauki neman taimako abin kunya, wani lokaci ba shi ke fara shan wahalar ba, na kusa da shi ne.