Ƙarar Hawainiya a Gaban Toron Giwa

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a.

Ta iso, muna saurare.

Hawainiya ta kai ƙarar Kura, wadda ta ƙwace mata gona. Alƙali Dila ya kori ƙarar, wai mai ƙara ba ta taɓa halartar zama ba. Hawainiya ta ɗaukaka ƙara gaban Toron Giwa, babban alƙali. Da shigarta ta durƙusa bisa tabarma saboda ladabi, nan take ta koma launin tabarmar.

Toron Giwa ya duba, ya ce, "Ina mai ƙara?"

Hawainiya ta ce, "Ga ni, Allah ya gafarta malam. Haka nake zuwa kullum."

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa shiga gonar tabarma ba."

Toron Giwa ya ce, "Dila ya yi kuskure, mai ƙara tana nan. A mayar wa tabarma gonarta."

Ƙurunƙus, bisa kan ɗan ɓera na sauke ta.