Wadda Ba Ta Barin Falo

An ce wai a garin Funtuwa an yi wani attajiri mai suna Alhaji Mamuda, mai sayar da injinan ban ruwa, mutum mai sakin hannu da sakin fuska ga kowa in ban da mutum guda. Wannan mutum kuwa ɗansa ne na fari, Nafi'u. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, wadda Alhaji ya gada daga mahaifinsa ya riƙe ta hannu bibbiyu. Ba ya kiran sunan yaron, sai dai ya ce "wannan yaron". Ba ya zama da shi, ba ya yi masa dariya, alhali ƙanwarsa Sadiya har kan cinya take hawa tana ja masa gemu. Kowa a gidan ya san Alhaji yana son Nafi'u kamar ransa. Yaron ne kaɗai ba a taɓa gaya wa ba.

Da Nafi'u ya sauke Alƙur'ani, farin ciki ya cika Alhaji har ya rasa inda zai sa shi, tunda bakinsa a ɗaure yake. Sai ya yi abin da ya saba, ya bar aljihu ya yi magana. Ya aika ta wajen uwar yaron cewa ya faɗi abin da yake so. Amsa ta dawo cewa gem yake so, wato na'urar wasan nan da yara ke buga ƙwallo da tseren mota a cikinta.

Suka tafi kanti, Alhaji a gaba, yaro a baya kamar ba tare suke ba. Mai kanti ya ɗora musu iri biyu a kan tebur. Ta farko ta girke ce, mai araha, ba ta da fuskar kallo ta kanta, sai an jona ta da talabijin, kuma in an ɗauke wuta wasa ya ƙare. Ta biyu kuwa tafi-da-gidanka ce mai tsada, tana da fuskarta da batirinta, a riƙe ta a hannu a mota ko a kan gado, in an ga dama kuma a jona ta da talabijin kamar ta farkon. Alhaji bai tsaya dogon tunani ba, ya nuna mai tsadar ya ce a naɗe.

Sai yaron, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, waccan nake so."

Alhaji ya ɗauka bai ji daidai ba. Mai kanti kuma, da yake irin mutanen nan ne da ba sa iya barin shiru ya zauna lafiya, ya yi dariya ya ce, "Kai, Alhaji, ka yi sa'ar ɗa. Aljihunka yake tausaya wa."

Maganar nan ta soki Alhaji. Shi da ya zo ya nuna wa ɗansa abin da baki ya kasa faɗa, a ce ɗan ya maida masa kyautarsa a gaban mutane, har ana yi masa kallon wanda kasuwa ta juya wa baya? Ya sake nuna mai tsadar, yaro ya sake cewa waccan. Suka koma gida hannu rabbana, ba wannan ba waccan. Kafin la'asar Alhaji ya yanke cewa taurin kai ya shiga yaron, saboda haka zai tura shi Malumfashi ya zauna wajen baffansa ya koyi ladabi. Uwar yaron ta yi kuka, sannan ta roƙi abu guda: kafin a haɗa kaya, a je gaban Alƙali Jibo.

Shi Alƙali Jibo tsohon alƙali ne da ya ajiye aiki, aminin mahaifin Alhaji, mutum mai jinkirin magana da saurin fahimta. Shari'ar gona da ta gado ya saba yi, amma da aka kawo masa ta gem bai yi dariya ba, domin ya san mutum mai hankali ba ya korar ɗansa saboda abin wasa, sai in akwai wani abu a ƙarƙashi.

Alhaji ya zauna a zaure ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na ba wannan yaron wadda ta fi, ya ƙi. Tana yin duk abin da mai arahar ke yi, ta kuma yi abin da ba ta yi. In ba raini ba, me zai sa mutum ya bar cikakke ya ɗauki rabi?"

Alƙali ya juya ga yaron da irin wasan da ke tsakanin kaka da jika, ya ce, "To, sarkin rowa, kai da aka ce ka ci dukiyar ubanka ka ƙi, me ka gani a mai arahar?"

Nafi'u ya ce, "Hotonta ya fi girma."

Alhaji ya ce, "Ita ma ɗayar ana jona ta da talabijin."

Yaro ya ce, "Ta fi sauƙin kuɗi."

Alhaji ya ce, "Wa ya kawo maka kukan kuɗi?"

Daga nan yaro ya kama wasa da bakin tabarma. Alƙali ya lura cewa dalilan nan biyu na aro ne, na gaskiyar yana ciki ya ƙi fitowa. Ya kuma san in ya matsa, kunya za ta ƙara rufe bakin. Sai ya bar yaron, ya tambayi uban, talabijin nawa ne a gidan. Alhaji ya ce ɗaya ce, tana falonsa, inda yake jin labarai in ya dawo daga kasuwa, kuma nan ne kawai wutar sola take kaiwa.

Alƙali ya gyaɗa kai, ya ce, "Ashe abin mai sauƙi ne. Ina da wata talabijin a ciki, jikokina sun sayo mini sabuwa, tsohuwar tana nan tana shan ƙura. Na ba ka ita, Nafi'u. A saya maka mai arahar da kake so, a ja maka waya zuwa ɗakinka, ka rufe ƙofa ka yi wasanka ba mai damunka, kai ma ba ka damun kowa. Ka samu abin da ka zaɓa, har da ƙari. Ka yarda?"

Alhaji ya ji daɗin wannan, har ya ce ai shi ma ya huta da hayaniya. Amma yaron, maimakon ya yi murna, sai idanunsa suka ciko. Ya ce da ƙaramar murya, "Allah ya gafarta Malam, in haka ne a bar shi kawai. Na haƙura da duka biyun."

Alhaji ya buɗe baki zai ce ga irin taurin kan da yake faɗa, Alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya ce wa yaron ya shiga cikin gida ya gaida Hajiya, ta ba shi kunu. Da yaron ya shige, tsohon ya gyara zama.

Ya ce, "Mamuda, ka yi shekara da shekaru kana sayar da inji, ka san mai saye ba inji yake so ba, ruwa yake so ya isa gonarsa. Yaron nan na ba shi na'urar da ya zaɓa da talabijin a kai, ya ƙi. Ashe ba na'urar yake nema ba. Abu ɗaya na cire a cikin zaɓinsa, shi ne falonka. Yanzu gaya mini gaskiya: da ka saya masa mai tsadar, ya zo ya jona ta a falo, ƙara ta tashi kana jin labarai, me za ka ce masa?"

Alhaji ya ce, "Zan ce ya ɗauke ta ya tafi ɗakinsa."

"To, shi ma ya san haka. Shi ya sa ya zaɓi wadda ba ta ɗaukuwa. Ba ta da fuska sai taka, ba ta da wuta sai taka, ba inda za a kore ta. Yaro ya nemi hanyar da zai zauna ɗaki ɗaya da ubansa ba tare da ya roƙa ba, ba tare da ya sa ka karya kunyarka ba. Kai kuma za ka saka masa da motar Malumfashi."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ya tuna shi kansa yana yaro, yadda yakan ƙirƙiro aike don kawai ya tsaya a bakin zauren mahaifinsa. Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye su ba, domin a gaban aminin ubansa yake. Ya ce, "Malam, na ji, na kuma ji kunya. Amma yaya zan yi? Haka aka rene ni. In na fara zama ina wasa da ɗan fari, da wane ido zan kalli 'yan'uwana?"

Alƙali ya ce, "Ban ce ka zubar da abin da ka gada ba. Ga hukuncina, ka saurara. A sayi mai arahar, a girke ta a falonka. Na hana a kunna ta sai kana zaune a wurin, domin ba a barin yaro da irin waɗannan abubuwa ba mai sa ido, kuma sa ido aikin uba ne, ba shagwaɓa ba ce. Na ji an ce abin riƙewarta biyu ne. Mai sa ido kuwa ba zai san abin da yake tsarewa ba sai ya taɓa, saboda haka ɗaya naka ne. Al'ada ta hana ka kiran sunansa, ta hana ka lallashinsa a gaban mutane, amma ni dai ban taɓa jin inda ta hana ka ci shi ƙwallo ba. Duk wanda ya tambaye ka, ka ce Alƙali Jibo ne ya tilasta maka. Abin da muka gano game da yaron kuma ya tsaya tsakanina da kai, kada ka kunyata shi da shi."

Aka kira Nafi'u aka karanta masa hukunci da murya mai kauri kamar horo ake yi masa. Ya ce ya ji ya karɓa, yana ta kokawa da bakinsa kada murmushi ya tona shi. Maganar Malumfashi kuwa ba wanda ya sake tayar da ita.

Haka aka yi. In Alhaji ya dawo daga kasuwa ya ji labarai, sai ya ɗaure fuska ya ce, "A kira wannan yaron, a zo a cika umarnin Malam." Su zauna a kan kafet, kafaɗa kusa da kafaɗa, kowa idonsa a kan talabijin, wanda hakan ya yi wa kunyar kowannensu daɗi. Gaskiya ita ce Alhaji bai iya ba ko kaɗan. 'Yan wasansa sukan ruga da ƙwallo su fice daga fili, wani lokaci ma su ci gidansu. In an ɗauke wuta kuma sola ta gaza, ba sa tashi nan da nan, sai su zauna jiran ta dawo, a cikin jiran ne Alhaji ya fara sanin sunayen abokan ɗansa da darasin da ke ba shi wuya.

Wata ranar Juma'a da yamma, bayan dogon shan kashi, Allah ya ba Alhaji sa'a ya kai ƙwallo har bakin raga. Yana shirin bugawa sai yaron ya zo ta baya ya ƙwace. Alhaji ya miƙe tsaye, hula ta faɗi, ya daka tsawa, "Kai, Nafi'u! Wallahi wannan zalunci ne!"

Sadiya da ke bakin ƙofa ta ruga cikin gida tana ihu, "Umma, Umma, ashe Baba ya san sunan Yaya!" Alhaji ya ɗauki hularsa, ya yi gyaran murya, ya zauna ya ce a ci gaba da wasa. Nafi'u kuwa an ci shi ƙwallo a karon farko, domin hawaye sun hana shi ganin raga.

Da labari ya kai ga Alƙali Jibo, ya yi dariya har da tari, sannan ya ce a riƙe wannan: in wanda kake so ya bar babbar kyauta ya ɗauki ƙarama, kada ka auna tsadarta, ka duba inda za ta zaunar da shi.